Haƙuri a Ma'aunin Falsafa: Baƙin Cikin Rashi Tsakanin al-Kindi da Zaman Makokin Hausawa

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗora hujjar da Abu Yusuf Yaƙub al-Kindi ya kafa don kawar da baƙin ciki a kan ma'auni ɗaya da haƙurin da Hausawa ke bai wa juna a zaman makoki. Ta nuna cewa ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kan cewa rai da dukiya aro ne, amma sun rabu a kan matsayin baƙin cikin kansa. Al-Kindi na kallonsa a matsayin kuskuren tunani da ilimi zai gyara, Bahaushe kuwa ya ɗauke shi nauyi na gaskiya da jama'a ke taya mai shi ɗauka. Maƙalar ta rinjayar da fahimta ta biyu a sha'anin mutuwa, sannan ta nuna inda haƙuri ke rasa hujjarsa, wato inda wahalar ta fito daga hannun ɗan Adam.

1.0 Gabatarwa

Tambayoyin da falsafa ta daɗe tana jujjuyawa a kan ma'anar rayuwa, da haƙiƙanin jin daɗi, da dalilin wahala, duk sukan haɗu wuri guda ranar da aka yi wa mutum rasuwa. A ranar ne ake gane ko ra'ayin da masani ya tsara a littafi zai iya tsayuwa a gaban uwar da aka fita da gawar ɗanta. Don haka wannan maƙala ta zaɓi baƙin cikin rashi ya zama fagen gwajinta. Manufarta ita ce amsa tambaya guda: shin baƙin cikin da ke biyo bayan mutuwar makusanci kuskure ne na hankali, ko kuwa shi ne abin da ya dace zuciya ta ji game da abin da ya faru? Amsar wannan tambaya ce za ta fayyace abin da ake nufi idan an ce da mutum ya yi haƙuri, da inda faɗin hakan ya dace, da inda ya zama rufa-rufa.

An ɗauki al-Kindi ya wakilci ɓangare na farko saboda matsayinsa a tarihi. Ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya karantar da Ahmad ɗan Halifa Mu'utasim, kuma shi ake ƙirgawa farkon wanda ya rubuta falsafa a tsare da harshen Larabci. Ta hannunsa maganin baƙin ciki irin na Girkawa ya shiga littattafan tarbiyyar Musulmi. Ɓangare na biyu ba shi da marubuci guda. Hujjarsa na kwance cikin abin da ake faɗa da abin da ake yi a ƙofar gidan da aka yi rashi, daga Kano har Damagaram.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Aristotal (384–322 kafin Miladiyya) ya ɗauki jin daɗi na haƙiƙa a matsayin rayuwar da aka gudanar bisa kyawawan halaye tun daga farko har ƙarshe. Sai dai bai ce kyakkyawan hali shi kaɗai ya wadatar ba. A littafinsa na ɗabi'a da ake jingina wa sunan Nikomakus ya kawo misalin Firiyam, sarkin Taroya, wanda ya ga mutuwar 'ya'yansa da rushewar birninsa bayan ya tsufa, ya ce ba mai kiran irin wannan mutum mai sa'a. A wurinsa ke nan musiba tana iya taɓa jin daɗin mutumin kirki.

Epikurus (341–270 kafin Miladiyya) ya bi wata hanya. A wasiƙarsa zuwa ga Menokiyus, wadda Diyojinis Layertiyus ya adana, ya kafa hujja cewa alheri da sharri duk a ji suke, mutuwa kuwa yankewar ji ce, don haka ba ta cutar da mamaci. Lukuretiyus, mawaƙin Rum na ƙarni na 1 kafin Miladiyya, ya ƙara da cewa tun da ba wanda ke damuwa da zamanin da ya shuɗe kafin haihuwarsa, babu dalilin tsoron wanda zai zo bayan mutuwarsa.

Mazhabar da ta fi tasiri a kan al-Kindi ita ce ta almajiran Zeno, waɗanda Larabawa suka kira Riwaƙiyya, wato 'Yan Rumfa. Epiktitus, wanda bawa ne kafin a 'yanta shi, ya raba al'amura gida biyu: waɗanda ke hannunmu, kamar hukunci da niyya, da waɗanda ba sa hannunmu, kamar jiki da dukiya da iyali. A ƙaramin littafin da almajirinsa Ariyan ya tattara, ya koyar da cewa wanda ya rasa ɗa ko mata ya ɗauka mayar da su ya yi ga wanda ya ba shi. Seneka ma ya rubuta wa wata mata mai suna Marsiya takardar lallashi bayan ta shekara uku tana makokin ɗanta.

A cikin Musulmi, bayan al-Kindi, Abubakar al-Razi ya ware babi a kan kawar da baƙin ciki a al-Ɗibb al-Ruhani, Miskawaihi (ya rasu 1030) kuma ya ɗauko maganar al-Kindi da sunansa a ƙarshen Tahzib al-Akhlaƙ. Imam Gazali (1058–1111) ya sake wa batun mazauni. A cikin littattafai 40 na Ihya'u Ulumiddin, na 32 a kan haƙuri da godiya yake, na 40 kuma a kan tuna mutuwa da abin da ke bayanta. Ya bayyana cewa raɗaɗin zuciya da zubar hawaye ba sa fitar da mutum daga sahun masu haƙuri, ya kafa hujja da hawayen Annabi (SAW) ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 1350) ya tafi a kan haka a Uddatus Sabirin, inda ya mayar da haƙuri tsare zuciya daga raki, da harshe daga ƙorafi, da gaɓoɓi daga aikin da shari'a ta hana. Ihya na cikin littattafan da malaman zaure ke karantarwa a ƙasar Hausa, don haka wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a nan.

A zamanin nan, Thomas Nagel (1970) ya mayar wa Epikurus martani da cewa sharrin mutuwa yana cikin alherin da ta hana mutum samu, ko da ba ya nan balle ya ji zafin hanin. Martha Nussbaum (1994) ta nazarci mazhabobin Girka da Rum a matsayin asibitin zuciya, ta kuma nuna shakku a kan farashin da 'Yan Rumfa suka ɗora wa kwanciyar hankali. Peter Adamson (2007) ya bayyana yadda ɗabi'ar al-Kindi ta ginu a kan fifita duniyar hankali bisa duniyar gaɓoɓi.

Ta ɓangaren Hausa, Kirk-Greene (1974) ya lissafa haƙuri cikin halaye goma na mutumin kirki, tare da gaskiya, amana, karamci, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Hiskett (1975) ya nuna yadda tuna mutuwa da ƙasƙantar da duniya suka mamaye waƙoƙin wa'azi. Boyd da Mack (1997) sun tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u (1793–1864), ciki har da marsiyoyinta. Wall (1998) ya yi nazarin mace-macen mata wajen haihuwa a ƙasar Hausa da rawar da kunya ke takawa a ciki. Waɗannan ayyuka sun bayyana haƙuri a matsayin ɗabi'a, ko jigon adabi, ko al'ada. Wannan maƙala na son auna shi a matsayin hujja.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar tarken ma'ana tare da kwatanci. Da farko an warware hujjar al-Kindi zuwa ginshiƙanta kamar yadda take a Risala fil Hila li Daf'il Ahzan, wadda Hellmut Ritter da Richard Walzer suka buga a 1938 daga wani kundi da ke Istanbul. Daga nan aka ɗauki kalaman ta'aziyya da karin magana da tsarin zaman makoki, waɗanda duk mai jin Hausa ya sani, aka tambayi abin da dole mutum ya yarda da shi kafin faɗarsu ta yi ma'ana. A ƙarshe aka gwada ɓangarorin biyu da misalai masu wuya.

An ƙirƙiri keɓaɓɓun kalmomi uku don sauƙaƙa bayani. Hujjar aro ita ce da'awar cewa tun da abin da aka rasa ba mallakar mutum ba ne, baƙin ciki a kansa ba shi da tushe. Wahalar tilas ita ce wadda ba wani mahaluƙi da zai iya hana ta, kamar tsufa da ajalin da ke biye da shi. Wahalar hannu kuwa ita ce wadda ke da sababi a aikin mutum ko sakacinsa. Wannan rabe-rabe bai shafi aƙidar ƙaddara ba, domin duka biyun da sanin Allah suke faruwa. Abin da ya raba su shi ne alhaki: a ta biyu akwai wanda za a tambaya.

4.0 Nazari

4.1 Hujjar Aro a Wurin al-Kindi

Al-Kindi ya fara da bayyana baƙin ciki a matsayin ciwon rai da ke tasowa daga rasa abin ƙauna ko kuɓucewar abin nema. Daga nan ya gina hujjarsa a kan ɗabi'ar duniya. Duk abin da ke cikin duniyar samuwa da lalacewa mai gushewa ne, don haka wanda ya so abin hannunsa ya dawwama ya so abin da babu shi a tsarin halitta, wanda kuwa ya nemi abin da babu shi dole ya wahala. Mafita ita ce mutum ya mayar da ƙaunarsa ga abubuwan hankali, irin su ilimi da nagarta, waɗanda ɓarawo ba ya sata, mutuwa ba ta ƙwacewa. Ya kuma lura da cewa abin da ke faranta wa mutane rai ya bambanta gwargwadon sabo, saboda haka ana iya horar da zuciya ta saba da rashi, a fara da ƙananan abubuwa a kai ga manya.

Ginshiƙi na biyu shi ne aro. Duk abin da ke hannun mutum Mahalicci ne ya ara masa, mai aro kuwa yana da ikon karɓar kayansa lokacin da ya so, ta hannun wanda ya so. Wanda ya ɓata rai don an karɓi aro ya yi butulci, musamman da yake abin da aka karɓa shi ne mafi ƙanƙanta, an bar masa mafi daraja, wato ransa da hankalinsa.

Ya ƙawata hujjar da labarai. Akwai na Sokratis, wanda aka tambaya dalilin da ba ya baƙin ciki, ya nuna cewa ba ya mallakar abin da rashinsa zai dame shi. Akwai na Sarki Nero da aka kawo wa wata ƙubba ta ƙarau mai ban mamaki, wani masani ya gargaɗe shi cewa ta jawo masa talauci tun da ba zai sami madadinta ba, daga baya kuwa jirgin da ya ɗauko ta ya nutse. Akwai na matafiyan jirgin ruwa da suka sauka wani tsibiri: waɗanda suka biya buƙata suka koma da wuri sun sami wurin zama mai yalwa, waɗanda suka tsaya tsintar duwatsu da furanni suka dawo da kayan da suka zame musu nauyi da wari, wasu ma jirgin ya tafi ya bar su. Wannan misali na ƙarshe yana da asali a wurin Epiktitus.

Bahaushe ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. Shi ma yakan ce wanda ya ba da shi ya karɓi abinsa, yakan kira duniya budurwar wawa, yakan ce mutuwa rigar kowa. A kan cewa rai aro ne babu jayayya.

4.2 Raunin Hujjar

Matsalar tana wurin tsallakawa daga “aro ne” zuwa “don haka baƙin ciki kuskure ne”. Wannan tsallake bai inganta ba, saboda dalilai biyu.

Na farko, hujjar ta haɗa abubuwan da ba jinsinsu ɗaya ba. Epiktitus ya shawarci almajiri ya fara horar da kansa da tukunyar da yake so, ya riƙa tuna cewa mai fashewa ce, har ya kai ga tuna cewa ɗan da yake sumbata mai mutuwa ne. Al-Kindi ya gaji wannan jeri. To amma ƙubbar Nero tana da daraja ne saboda amfanin da Nero ke samu daga gare ta, shi kuwa ɗa yana da daraja a karan kansa. Uwar da ke kukan ɗanta ba kukan raguwar dukiyarta take ba. Tana kuka ne saboda wani rai da ya kasance, mai suna da murya da hali, yanzu ba ya nan. Hukuncin da zuciyarta ta yanke, cewa an yi babban rashi, hukunci ne na gaskiya, ilimi kuwa ba ya gyara abin da yake daidai.

Na biyu, idan sharaɗin tsira daga baƙin ciki shi ne kada a ƙaunaci mai gushewa, to an sayi kwanciyar hankali da ƙauna kanta, domin duk mutumin da za a so mai mutuwa ne. Amsar Sokratis ta yi kyau a kan riga da gida, amma ba ta yiwuwa a kan uwa da aboki sai an fara fitar da su daga zuciya. Aristotal ya ware kashi na 8 da na 9 na littafinsa na ɗabi'a ga abota saboda ya ga ba wanda zai zaɓi rayuwa babu abokai ko da ya mallaki komai. Maganin da ya nemi a bar wannan ya fi cutar tsada.

Abin lura shi ne labari mafi ƙarfi a risalar al-Kindi bai goyi bayan hujjarsa ba. Ya ruwaito cewa Sarki Iskandar, da ya ji mutuwa ta gabato, ya rubuta wa mahaifiyarsa ta shirya gagarumar walima bayan rasuwarsa, a yi shela kowa ya zo ban da wanda musiba ta taɓa samu. Ta shirya, ba wanda ya zo, sai ta gane nufinsa ta sami sauƙi. Ba a nuna wa wannan mata cewa ta yi kuskuren lissafi ba. Abin da ta gano shi ne ba ita kaɗai ba ce. Wannan lallashi ne ta hanyar tarayya, kuma a kansa zaman makokin Hausawa ya ginu.

4.3 Abin da Zaman Makoki ke Tabbatarwa

Idan an dawo daga maƙabarta, akan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko a zaure, maza su zauna, mata kuma a cikin gida. Mai zuwa gaisuwa yakan cire takalmi, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, sannan ya dubi mai rashi ya ce, “Ya haƙuri?” A amsa masa, “Da godiya.” Ya ce, “Ashe Malam lokaci ya yi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi.” A ce, “Amin, Allah ya ba da lada.” Ya ɗan zauna shiru, wani ya zo, ya matsa masa. Da azahar sai ga kwanonin tuwo da na dambu suna fitowa daga maƙwabta, domin gidan da aka yi rashi ba a barinsa da ɗora tukunya. Wannan na da asali a umarnin da Annabi (SAW) ya bayar na a yi wa iyalan Ja'afar abinci bayan ya yi shahada a Mu'uta.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne gaisuwar tambaya ce, kuma ana maimaita ta gobe da jibi, har wanda ya yi tafiya ya dawo bayan wata shida sai ya je ya yi ta. Ba a tambayar mutum yadda yake fama da abin da babu shi. Tambayar ta riga ta amince cewa akwai ciwo, cewa ciwon yana da dalili, kuma cewa jimre shi aiki ne da ake yi kullum. Mai ta'aziyya ba ya zuwa da hujjar da zai kayar da mai rashi. Hasali ma wanda ya tsaya dogon bayani a wurin makoki akan ga rashin hankalinsa.

Na biyu, haƙuri a nan abu ne da ke wucewa tsakanin mutane. Ana ba da shi, ana taya shi, ana roƙa wa mutum shi. A wurin al-Kindi mai hankali shi kaɗai yake jinyar kansa da tunani. A zaure kuwa ɗaukacin unguwa ne ke zama tare da mutum, kowanne da irin rashin da ya taɓa yi, kamar dai jama'ar da suka kasa zuwa walimar mahaifiyar Iskandar sun taso sun zo gaishe ta.

Na uku, an ba baƙin ciki lokaci da iyaka. Zaman makoki kwana 3 ne, takabar matar mamaci wata 4 da kwana 10, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta tanada. Malamai sun yi saɓani a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, musamman tun kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, amma ba ɓangaren da ya ce a hana ta'aziyya ko a zargi mai hawaye. Abin da ake hanawa shi ne kururuwa da birgima da yaga tufafi da furucin saɓo. Tsofaffi kan ce da mai kuka, “Addu'a yake buƙata yanzu.” Da haka ake juya raɗaɗin ya zama aiki: addu'a, sadaka, riƙon marayu, da biyan bashi, wanda tun a wurin jana'iza ake shelar duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa. Marsiyoyin Nana Asma'u, irin wadda ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837 da waɗanda ta yi wa aminiyarta A'isha, shaida ne cewa malama mai zurfin ilimi ba ta ga saɓani tsakanin bayyana kewa da miƙa wuya ga hukuncin Allah ba.

Za a iya kawo suka cewa al'adar Hausa ma tana da nata taurin. Akan yaba wa namijin da bai zubar da hawaye ba a ce ya yi ta maza, kunya kuma takan hana uwa nuna damuwa a kan ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Wannan gaskiya ne, kuma yakan yi wa wasu nauyi fiye da kima. Sai dai kunya ɓoyewa take sa a yi, ba ta ce ciwon babu shi ba. Matan da ke zaune da wannan uwa sun san abin da ke cinta, shi ya sa ba sa barinta ita kaɗai a ɗaki.

4.4 Matsayin Mamaci

Hujjar Epikurus ba ta da masauki a wannan tsari, domin addu'ar da ake yi wa mamaci ta ginu ne a kan cewa yana nan a wani hali da rahama za ta amfane shi. Amma ko an ajiye batun lahira gefe, kalaman makoki sun nuna ana auna abin da mutuwa ta yanke. Idan tsoho mai shekara 90 ya rasu akan ce ya yi kyakkyawan ƙarshe, a wasu wuraren ma jikoki har wasa sukan yi. Idan saurayi ne sai a ji ana cewa ko aure bai yi ba, idan mai jego ce a ce ko ɗanta ba ta gani ba. Wannan shi ne ra'ayin Nagel a bakin mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Ana riƙe da shi tare da yaƙinin cewa wuya ba ta kisa sai kwana ya ƙare, kuma biyun ba sa karo: ɗaya magana ce a kan wanda ke da iko da ajali, ɗaya a kan girman abin da aka rasa.

4.5 Iyakar Haƙuri

Duk ƙarfin da aka nuna haƙuri na da shi ya dogara ne a kan sharaɗi guda, cewa wahalar ta tilas ce. Karin maganar da ke cewa ciwon da ba shi da magani sai haƙuri ta ɗauki wannan sharaɗi a cikinta. Idan akwai magani, hukuncin ya sauya.

A 2010 aka gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, bayan sun yi ta suma da jijjiga. Binciken da ƙungiyar likitocin MSF ta fara ya kai ga gano gubar dalma. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gida a daka a niƙa a tsakar gidan da yara ke rarrafe, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun da yaro ke kaiwa baki. An ƙiyasta yara aƙalla 400 suka rasu. Iyayen sun cancanci ta'aziyya kamar kowane mai rashi, kuma an yi musu. Amma abin da ya rage mutuwar shi ne fitar da niƙan daga cikin gari, da kankare gurɓatacciyar ƙasa a zuba sabuwa, da ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. A ƙauyen Bagega, ɗaya daga cikin waɗanda gubar ta shafa, aikin share ƙasar bai samu ba sai a 2013, bayan an daɗe ana matsa wa hukuma ta saki kuɗi, likitoci kuwa ba su iya fara jinya ba sai da aka share, tun da yaron da aka yi wa magani gidan gubar zai koma. Duk wanda ya ce da mutanen Bagega su yi haƙuri a tsawon wannan jira, alhali sakin kuɗin na hannunsa, ya ɗauki kalmar da aka tanada don wahalar tilas ya rufe wahalar hannu da ita. Haka abin yake ga macen da ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, kunya ta hana ta kuka, ana jiran izinin mai gida kafin a nemi mota, irin yanayin da Wall ya bayyana.

A nan dole a yi wa al-Kindi adalci, domin ya ga wannan bambanci. Ya ce abin da ke jawo baƙin ciki ko dai aikinmu ne, sai mu bari, ko aikin wani ne, wanda in tunkuɗe shi na hannunmu wajibi ne mu tunkuɗe. Al'adar malanta ta ƙasar Hausa ma ba ta taɓa mayar da haƙuri lasisin zalunci ba. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa abubuwan da sarakunan zamaninsa ke yi wa talakawa, irin su jangali da kuɗin gari da karɓar gaisuwa, har da cinye dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado, bai kuwa ce maganinsu haƙuri ba ne. Harshen kansa ya tanadi gargaɗi: wanda ya ce mahaƙurci mawadaci shi ne kuma ya ce haƙurin kaya sai jaki, ya kuma san ranar da tura kan kai bango.

Ma'aunin da wannan nazari ya fitar ya shafi mai magana da matsayinsa a cikin lamarin. Maƙwabcin da ba shi da hannu a rashin, ba shi kuma da ikon hana shi, idan ya ce a yi haƙuri ya ba da abin da yake da shi ne. Wanda alhakin ke wuyansa kuwa fiƙihu bai bar shi da kalma kawai ba. Malamai sun sanya mayar da haƙƙi cikin sharuɗɗan tuba daga laifin da ya shafi bayin Allah, shari'a ta tanadi diyya ko a kisan kuskure, yafiya kuma haƙƙin waliyyan mamaci ce, su suke da zaɓin bayarwa ko hanawa bayan an tabbatar musu da abin da ke nasu.